Lauwali da Yashin Bayan Ruwa

Duk wanda ya san garin Roni ya san Lauwali mai amalanke, ko da dai ƙeyarsa ce kawai ya saba gani. Mutumin nan bai taɓa gama gaisuwa a tsaye ba. Kana "ina kwana" ya amsa, kafin ka kai ga tambayar iyali ya sha kwana. Shekara ashirin muna katanga ɗaya da shi, amma ban taɓa ganin ya shanye shayi a zaune ba.

Duk abin da ya mallaka shanu biyu ne, Goje da Ɗanja. Goje ƙarfi gare shi da taurin kai. Ɗanja kuwa tun yana maraƙi Lauwali ya raine shi, yanzu ya fara manyanta, kuma shi kaɗai ne a duniya Lauwali ke yi wa magana a hankali. Aikinsu kai taki gonaki da rani. Ma'auninsa ɗaya ne: a cika amalanke har bakin katako, a daddale. Shi ke nan kaya ɗaya. Haka ubansa ya yi, haka kowa ke yi, kuma wanda ya kawo amalanke bai cika ba, sunansa maha'inci.

Da damina ta sauka bana, aikin taki ya tsaya. Ai kuwa Lauwali ya zama abin tausayi, ya shiga ya fita, ya kwance igiya ya ɗaure, har matarsa Saude ta ce ya fara sa ta jiri. Sai ga Levi, wani magini mutumin Filato da ke buga bulo a bakin hanyar Kazaure, yana neman mai kawo masa yashi daga rafi.

Ina wurin ranar da suka yi magana. Levi mutum ne mai son bayani, ya ɗauko gwangwanin lita ɗaya da ɗan sikelinsa.

"Malam Lauwali, tsaya ka gani," in ji shi. "Ruwa cikin gwangwanin nan kilo ɗaya ne. Busasshen takin da kake ɗauka bai fi rabin kilo ba. Yashi kilo ɗaya da rabi. In kuwa ya sha ruwa, ya kusa kilo biyu. Amalankenka zai ci lita ɗari takwas, ka ga..."

"Oga Levi, amalanke dai amalanke ne," Lauwali ya katse shi, ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya. "Cikarsa ɗaya ce."

"Cika ɗaya, nauyi daban! Rabi za ka riƙa zubawa, ni na yarda!"

Da bayansa ya amsa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, dariya na yi. Da na san abin da zai biyo baya, da na riƙe masa riga.

An kwana biyu ana ruwa. Ran na uku ya gangara rafi da hantsi. Waɗanda ke wankin babur a wurin sun ce ya zuba rabi ya tsaya, ya dubi amalanken, ya ga kamar ana kallonsa. Kunya ta kama shi. Ya ci gaba da shebur har baki, ya daddale kamar yadda ya saba. Takin da shanun suka saba ja kilo ɗari huɗu ne. Abin da ya ɗora musu ranar ya kai dubu ɗaya da ɗari biyar, shi kuwa idonsa bai ga bambanci ba.

A kan yashin rafi sun ja da ƙyar. A hawan fita ne taya ta kafe a laka. Goje ya tirje ya ƙi motsi. Ɗanja, wanda bai taɓa ƙin muryar Lauwali ba, shi ya yunƙura. Amalanken ya dawo da baya, karkiya ta murɗe, ƙafar Ɗanja ta gaba ta karye.

Ko da na isa, Lauwali yana kwashe yashin da hannu biyu yana watsarwa, kamar hakan zai gyara wani abu. Levi ya zo a guje, bai ce "na faɗa maka" ba, ya dai kama shebur. Dattawa suka duba ƙafar suka girgiza kai. Wani ya ce a kira mahauci tun da sauran numfashi, kada a yi biyu babu.

Lauwali ya zagaya amalanken ya fi sau goma. Ya nufi gari ya dawo, ya nufi ruwa ya dawo. Da mahaucin ya iso, ya ce a kawo igiya a ɗaure Ɗanja.

"Ba sai an ɗaure shi ba," in ji Lauwali. "In ni na riƙe, ba zai motsa ba."

Ya durƙusa cikin laka, ya juya kan Ɗanja gabas, ya rufe masa ido da tafin hannu yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Bai motsa ɗin ba kuwa.