Majanyin Surukata

Tun ina da ciki abin da ya fi damuna shi ne goyo. In na ga mata a bayan okada a unguwar Mokola, jariri a baya, mai mashin yana kutsawa tsakanin motoci, sai gabana ya faɗi. In zanen ya kwance fa? Har na roƙi maigidana ya sayo mini abin goyon nan na zamani mai maɓalli.

Bai kai ga sayowa ba, bayan suna surukata ta aiko mini da majanyi. Tsoho ne tukuf, kala-kala, kamar an haɗa zannuwa daban-daban. Da shi aka goyi maigidana, da shi aka goyi babansa. Ba halin in ce ba na so. Na riƙa goya 'yata da shi, amma kullum hannuna ɗaya yana tallabe da ita.

Wata safiya ina shanya shi sai na ga rana tana leƙowa ta tsakiyarsa. Wurin ya yi shara-shara. Na naɗe shi na nufi ɗakin surukata, niyyata in mayar mata cikin ladabi.

"Inna, majanyin nan ya fara mutuwa."

"Mutuwa? Ke dai kin cika tsoro, 'yar nan. Shimfiɗa shi mu gani."

Ta ɗora yatsa a kan wani baƙin saƙi mai siririn farin layi. Ta ce wannan ne asalinsa, surukarta ce ta zo da shi daga Arewa a cikin ƙunshi ɗaya tak, shi ya sa ba ado ko kaɗan. Ta matsa zuwa bakinsa, inda ashoke, saƙar Yarbawa mai ƙyalli, yake, an cika shi da ɗinki har ba wurin sa allura.

"Nan lokacin da cinikin goro ya yi albarka ne. Ta sayo wannan wurin masaƙan Yarbawa. Kin ga yadda ta yi ɓarnar zare? So take duk unguwar Sabo a sani."

Sai wani wuri mai ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin shuni, nesa da juna, kamar taurari. Shi ne inda na fi so, na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari.

"Wannan nawa ne. Shekarar da ko sabulu sai an bi layi. Buhun fulawa na warware, wata maƙwabciya Bayarabiya mai rini ta tsoma mini a ragowar tukunyarta. Kowa ya gani sai ya ce na iya tsari. Zare ne bai isa ba!"

Na ƙura wa majanyin ido. Wata da watanni ina ɗaura abin nan a ƙirjina, ashe yunwa da ƙoshin gidan nan ne a jere, kuma duka sun yi kyau.

Ta miƙo mini allura. "Ramin nan naki ne."

"Inna, zare ya yi tsada yanzu."

"Me mijinki yake shigowa da shi daga kasuwar Bodija?"

Buhunan albasa. Suna nan tuli a bayan ƙofa. Na warware jan zarensu, na riɓanya shi, na sa ƙyalle ta ciki na bi da ɗinki. Ban san wani zane ba, sai hannuna ya yi ta fitar da raga irin ta buhun. Da na gama, Inna ta kama gefe na kama gefe, muka ja iya ƙarfinmu, har ɗankwalinta ya faɗi. Ko motsi bai yi ba.

Ranar na goya 'yata na taka har bakin titi na dawo, hannayena biyu a sake.

Don Allah, in akwai tsohon zane a ƙasan akwatinku, kada ku yi tsumma da shi tukuna. Ku kai wa tsohuwar gidan tun tana nan, ku shimfiɗa mata, ku tambaye ta.