Kujerar da Tela Ya Karɓe

Shekara goma sha tara na yi ina kiɗa a badujalar soja. Ƙaramar ganga ta ratayawa ita ce tawa, amma babu abin dukan da hannuna bai taɓa ba, har manyan tukwanen tagullar nan da ake bugawa in hafsoshi sun yi baƙi. Kiɗa a takarda nake karanta shi. Da na yi ritaya na dawo Karaye, ni ke koya wa 'yan makaranta maci duk shekara. Daga Karaye har Rogo, in ka ce kana neman mai gangar fareti, gidana za a nuna maka. Wannan sunan shi ne abin da na fito da shi daga soja, ba ni da wani.

Da aka buɗe siyasar jam'iyyu biyu, wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Rogo ya je Kaduna ya cika a-kori-kura da kayan kiɗa: jita, lasifika, janareta, da jerin gangunan nan da mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu. Ƙungiyar makaɗa yake son kafawa don ɗan takararsa, taron farko a Zoza, saura mako biyar. Ya aiko a kira ni, ya ce kujerar gangunan tawa ce. Na leƙa shagon da aka jera su a Sabon Garin Rogo, na ce masa kwana uku sun ishe ni. Bakina ne ya faɗa, a gaban mutane kuwa.

Ashe ƙafa ce za ta tona mini asiri. A fareti babbar ganga tare take sauka da ƙafar hagu, hagu ce ta ɗaya. Wanda duk ya ci tuwon soja ya san wannan ko barci yake. A nan kuwa babbar gangar kwance take a ƙasa, da feda ake dukanta, fedar kuma ta ƙafar dama ce. Hagu an ba ta wasu faifan tagulla biyu ta riƙa buɗewa tana rufewa. Da na ce ɗaya, sai hagu ta sauka, faifan su ce cas, babbar ganga ta biyo baya a makare. Mai jita ya dube ni ya sunkuyar da kai.

Babu abin da ban yi ba. Sau uku a mako nake hawa mota zuwa Rogo. A gida in zauna a kan turmi ina taka ƙasa da dama, har maiɗakina ta tambaye ni ko ƙafar ce ke ciwo. Na ɗaure hagun a jikin kujera da igiyar akuya, sai gwiwar ta riƙa zillo ita kaɗai. Na juya kayan gaba ɗaya, na mai da babbar ganga hagu, Alhaji ya shigo ya ce ba haka ya gan su a Kaduna ba, a mai da. Na ji haushinsa, amma gaskiya ko a juyen ban tsira ba. Ƙafafuna tafiya kawai suka sani, wannan ta sauka wannan ta bi. A ce ɗaya ta tsaya cik, ɗaya ta yi duka biyu a jere, hannu kuma yana can yana nasa, wannan ba a taɓa neman su da shi ba. Ni kuma a lokacin na ba arba'in baya.

A barandar shagon akwai wani tela, magidanci sa'ana, shiru-shiru, shi ke ɗinka wa Alhaji hulunan jam'iyya. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe makaɗi ba. Wata rana na je sallar la'asar, ina dawowa na jiyo ganguna suna tafiya daidai, babbar tana faɗowa inda ya kamata. Na ɗauka baƙo aka kawo daga birni. Ina shiga na tarar da shi a kujerata, tef ɗin awo rataye a wuya, ya damƙe makaɗan kamar muciya. Hannunsa ba ya wani kiɗan kirki. Amma ƙafar! Shekara ashirin tana taka keken ɗinki, hannu na jan yadi, baki na ciniki, babu ruwan wani da wani. Yana kiɗan ma yana hira da mai jita.

Na daka masa tsawa. Ya miƙe, ya ce in yi haƙuri, ƙura ya shigo kakkaɓewa. Na faɗa masa maganganun da har yau ba na son tunawa. Abin da ban lura da shi ba, Alhaji na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu.

Saura kwana takwas a yi taro, Alhaji ya zo gidana a Karaye da kansa. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafa, ya sake komawa kan iyali. Tun daga tsawon gaisuwar na san abin da ya kawo shi.

"Saje," ya ce, "kai ne uban kayan nan, kowa ya sani. Telan nan dai shi zai zauna a kujerar. Kai kuma ka gyara masa hannu."

Na so in ce ya tashi ya bar mini zaure. Amma in na ƙi, gobe a tasha za a ce Saje hassada yake yi wa tela. Na ce to. Na koya masa riƙon makaɗi, na koya masa yadda ake sakin wuyan hannu. Abin takaicin, mutumin yana da ladabi, yana kuma ɗauka da wuri. Ko dalilin ƙinsa bai ba ni ba.

Ranar taro da hantsi muka isa Zoza. Ni na kafa gangunan a gindin wata ɗorawa, ni na ɗaure fatun ɗaya bayan ɗaya. Zuciya ta raya mini in bar ta babbar a sake, in ga yadda zai yi. Hannuna ya ƙi, na ɗaure ta yadda aka koya mini. Aka ta da janareta, ya zauna, ni na tsaya a gefensa riƙe da makaɗan ko-ta-kwana. Bai fi duka uku ya iya ba, su yake ta maimaitawa, sau biyu ma makaɗi na suɓuce masa ina miƙa masa wani. Amma fili ya ɗauka. Tsofaffin mata suka ɗaure gyale a ƙugu, manoma suka shigo da ƙafafunsu na gona. Dubban mutane sun yi tafiya a kan kiɗana, ban taɓa ganin ko ɗaya ya yi rawa ba. Na ji ɗacin wannan.

Ina nan tsaye sai aka taɓa kafaɗata. Wani hedimasta ne, shekara shida ina koya wa makarantarsa maci. Ya ranƙwafa ya gaishe ni da girmamawa, sannan ya kawo baki kusa da kunnena saboda ƙara.

"Saje, don Allah ɗan matsa kaɗan. Ka tare mana makaɗin."

Na matsa.