Ƙotar Guduma

Tsohon kafintan nan bai taɓa shiri da hutu ba. Da gwiwa ta ƙi, gida kuma ya yi masa faɗi bayan rasuwar matarsa, sai 'yarsa ta zo ɗaukarsa ya koma wurinta a wata ƙasa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ƙafarsa ƙafar kayan aikinsa. Tsoronsa kada ya sauka a can ya zama tsohon da ake ajiyewa gaban talabijin.

Ya baje su a teburin shago. Haƙoran zarto ya rufe da tsagaggen tiyo, masu kaifin baki ya naɗe da tsofaffin safa, a hankali kamar mai shirya jariri. 'Yar ta zare batirin injin huda, ta ce wannan sai a jakar hannu. Da aka ɗora akwatin a sikeli, ya zarce nauyin da jirgi ya yarda, nesa ba kusa ba.

"Baba, a can ma fa akwai kasuwa."

"Kasuwar ta san hannuna?"

Gardama dai ba ta rage nauyi. Yana tsaki ya fitar da injin, ya fitar da zarto, ya tura wa maƙwabcinsa mai walda. Har yanzu da saura, kuma kowa ya san mai laifin: ƙatuwar gudumar da ya gada.

Mahaifinsa bahago ne. Babban yatsansa ya cinye gefe ɗaya na ƙotar har ya lotsa, shi kuma da ya karɓa da hannun dama ya cinye ɗaya gefen. Duk ranar da kewa ta taso masa, guduma yake ɗauka ko babu ƙusar bugawa. Yau kewar ta haɗa har da shagon da yake tsaye a ciki.

Ya daɗe yana juya ta. Can ya kifa ta, ya ƙwanƙwasa har kan ƙarfen ya zame ya faɗi a tebur. Ƙotar ya cusa tsakanin rigunansa, sikeli ya yarda.

"Baba, ƙota ba kai, wane aiki za ta yi?"

"Ƙarfe ko'ina akwai, 'yar nan. Kawo hannunki."

Ya zaro ƙotar, ya ɗora yatsanta a gurbi na farko. "Nan kakanki." Ya juya ta. "Nan ni. In kin tashi nemana wata rana, ga inda nake."