Sunan Yaya

Shekarar da rijiyar ƙauyenmu ta rufta na yanke shawarar tashi. Ƙauyen yana kusa da Gagarawa, kuma tun kafin rijiyar ma gonakinmu sun gaji, gero sai ka ce roƙonsa ake yi ya fito. Na samu fili a wajen Ɗanzomo, na je na damƙi ƙasar da hannuna, ta kwanta mini a rai. Na dawo na ce wa iyalina da an gama kaka za mu ɗaura kaya.

Ni dai ba na sulalewa daga gari kamar marar gaskiya. Na fara da mai unguwa, shi ya raka ni gaban dagaci na faɗi na yi sallama. Dagaci ya yi ta jan magana, wai ana shirin haƙa sabuwar rijiya, alhali ko igiya ba a saya ba. Na je wurin liman ya yi mana addu'a. Na bi maƙwabta gida gida, har da wanda muka daɗe ba ma ga maciji saboda iyakar gona. Na taka har ruga na gaya wa Bafulatanin da yake riƙe da 'yan shanunmu, na aika wa surukaina a Sule Tankarkar. Wanzami kuwa da mai kawo mana nono, da gangan na gaya musu, don na san kafin kasuwa ta sake ci ƙasar Gumel duk ta ji.

Na dawo ina jin kaina, na ce ai ban bar kowa ba. Sai Inna, mahaifiyata, ta ce ita ba inda za ta.

Yau ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki jaki ba. Gobe ta ce an ce ruwan can yana da zartsi. Da na kawar da wannan sai ta ce wa zai kula da tsamiyar tsakar gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina da saurin fushi, ban kuma taɓa ɓoye shi ba. Na ce, "Inna, tsamiya ce za ta ɗebo miki ruwa?" Ta ci gaba da kaɗinta.

Matata ce ta ja ni gefe. Ta ce, "Malam, ka gaya wa kowa, amma ka gaya wa Yaya?"

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Tun ina ƙarami ya bi ayari ya nufi gabas aikin hajji a ƙasa, irin tafiyar da mutum kan tsaya ya yi noma a hanya, ya yi ƙwadago, sannan ya ƙara gaba. Labari ɗaya muka taɓa samu, cewa an gan shi a ƙasar Barno, daga nan shiru. Gidan nan kaɗai ya sani a duniya, kuma ƙauyen gaba ɗaya watsewa yake yi. Inna kuwa ba za ta iya buɗe baki ta ce shi take jira ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta damu. Tun da na yi wayo ban ji ta ambace shi ba sai dai ta ce "wancan". Tausayinta ya kama ni sosai.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Ranar kasuwar Maigatari na je zango na nemi wani tsohon madugu mai safarar kanwa, wanda yake kaiwa har bakin Chadi, inda yake gamuwa da masu dawowa daga gabas. Na ce ya sa saƙo a bakin ayari: iyalan Mai Suna, wato Yaya, na ƙasar Gumel sun koma Ɗanzomo.

Ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, Mai Suna ai kowane gida akwai shi. A can ba mai kiran mutum da sunan alkunya. Mene ne sunansa na yanka?"

Ashe ni kaina ban san sunan ba. A gidan iyayen Inna aka haife shi, can cikin Damagaram, lokacin da ta je goyon ciki. Can aka raɗa masa sunan mahaifinta, shi ya sa aka sakaya. Babanmu da ya je sunan ya rasu. Ni Yaya nake ce masa, gari kuma Mai Suna. Mutum ɗaya ya rage da ya san sunan.

Na roƙi madugu ya biyo ta ƙauyenmu, ya kuwa zo da hantsi, na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na shiga na gaya wa Inna komai, ban rage ba. Can ta ajiye mazarinta, ta yafa zane, ta zo ta durƙusa bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida. Suka gaisa, suka tambayi gajiya da iyali, har gaisuwa ta ƙare ba sauran abin tambaya.

Madugu ya ce, "Baiwar Allah, wa zan ce ana nema?"

Ta faɗa, a hankali. Tsohon kunnensa ya yi nauyi, ya ce bai ji ba. Sai Inna ta ɗaga murya ta sake faɗa, har matata ta ji daga madafa. Ta ƙara da cewa, "Yana da tabo a goshi. A ce masa kada ya tsaya a tsohon gida, ba kowa." Ta tashi ta shiga ɗaki. Da la'asar na ga ta fara jera ƙorai cikin juna tana ɗaurewa.

Mun yi damina da dama a Ɗanzomo. Ƙasar ba ta ba ni kunya ba, na cika rumbu har na ƙara wani. Wata rana ina gyaran dangar gida sai wani mutum baƙi wuluk, ramamme, da gora a rataye, ya yi sallama. Ya ce a wani zango bayan Chadi ya ji ana cigiyarsa da sunan da bai zaci kowa ya sani ba a ƙasar nan. Na dubi goshinsa, na kama hannunsa na ja shi har tsakar gida, ina kuka ban damu da kowa ba.

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, na same ku lafiya?"

Ba ta dube shi ba. Ta juya fuskarta ga bango, ta ce da matata, "Ki ba baƙon nan ruwa, ya sha hanya."