Masuncin da Malam Ya Saka a Waya

Ni ban iya rubutu ba, 'yata ce take rubutawa ina faɗa mata. In kun ga magana ta yi tsalle, kuka ne ya zo mini, don har yau ba na ambaton mai gidana ban share ido ba.

Malam mai gyaran rediyo ne a kasuwar Nguru tun rediyo na da daraja. Daga baya ya koma gyaran waya, har idonsa ya gaji da ƙananan kusoshi ya bar rumfar. Zaman gida bai karɓe shi ba. Fankarmu da ba abin da ya same ta ya kwance ya gyara, daga ranar ba ta ƙara juyawa ba. Babban ɗanmu ya ji tausayin sauran kayan ɗakina, ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta wai ya riƙa sauraron wa'azi. Can ya ci karo da masu koyar da yadda ake haɗa gem, irin wanda yara ke bugawa a waya, ya ce shi ma sai ya haɗa nasa.

Nasa na masunci ne a kwalekwale. Zai tashi daga tafkin Nguru ya bi ruwa har Gashuwa, garin iyayena, yana kauce wa ciyawar kacalla yana kama kifi. Burin Malam bai wuce ɗaya ba, a samu mutum ya buga ya kai har Gashuwa don daɗin wasan, ba don ganin furfurarsa ba.

Na farkon da ya nuna mini, wani jan akwati ne yana tafiya a kan shuɗi. Ya ce kwalekwalen ke nan. Na danna inda ya ce in danna, akwatin ya hau tudu, ya ratsa gona, ya fice daga wayar bai dawo ba.

Na ce, "Malam, masuncin naka ya tafi ci-rani."

Ya karɓe wayarsa. Haka yake wuni a gindin darbejiya, ya kalli mai koyarwa, ya tsayar, ya gwada, ya yi salati, ya mayar baya. Tuwo ya huce a gabansa. An yi lokacin da kifaye ke iyo a sararin sama. An yi lokacin da tarwaɗa ta fi kwalekwalen girma. Ɗaya bayan ɗaya ya gyara su, har abin ya fara kama da ruwa.

Sai ya zuba mutane a bakin gaɓa: mai shanya banda, mai ban ruwa a lambu, mata masu wanki, da wani tsoho a gindin goruba. Malam kuwa mutum ne da ba ya wuce kowa bai gaisa ba, don haka masuncinsa ma ba zai wuce ba. Kana zuwa kusa da mutum, kwalekwale zai tsaya da kansa. Ya ɗauki muryarsa ya saka, ya ɗauki tawa ya saka wa matan. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya sauro. Kowace sai ka danna ka amsa. Tsohon gorubar kuma in ya gama da Hausa sai ya sake daga farko da Barbarci. Kana tsaye kana amsawa, kifaye suna wucewa ta gabanka garke-garke.

Ya kai wa abokansa a majalisa bayan la'asar, suka ce ma sha Allah, aiki ya yi. Samarin unguwa su durƙusa su karɓi wayar da hannu biyu, su ɗan taɓa, su ce, "Baba, ya yi kyau," su miƙo masa. Ya shigo gida yana tafiyar ƙasaita. Amma a wasan ba wanda ya taɓa wuce tsohon gorubar nan.

Ana haka ƙanena ya zo daga Katuzu, can Gashuwa, ya kawo mini bandar kifi. Shi masunci ne, kuma tun aurenmu abokin wasan Malam ne, ba ya raga masa. Malam ya miƙa masa wayar. Ya buga, ya gaida mai banda, ya gaida mai lambu, ya ɗago kai.

"Mijin Yaya, wannan kamun kifi ne ko yawon sallah?"

"Gaisuwa ce. Kai da ka tashi cikin kifaye ina za ka san ta?"

"Mu a ruwa hannu muke ɗagawa mu wuce. Wanda ya tsaya tambayar sauro, da sauron za a yi wa iyalinsa miya."

Malam ya juyo ya dube ni, yana so in tsawata wa ƙanena. Na ce, "Gaskiya, Malam, ni ma muryar tawa ta ishe ni." Ranar bai ƙara yi mini magana ba, sai dai bandar ya ci ta sosai.

Daga nan ya canza dabara. Sai ya ba yaro wayar a zaure, ya ce zai je alwala, ya laɓe a bayan ƙofa yana leƙe. Na tarar da shi a haka, dattijo da buta a hannu, ido a jikin ƙyaure. Ya ga yana fita yaron ya kife wayar Malam ya zaro tasa. Ya shigo ya ajiye butar ya ce, "Ashe duk kunyata suke ji."

Bai yarda ya cire gaisuwar gaba ɗaya ba, ya ce shi ba zai haɗa marar tarbiyya ba. Sai ya mayar da ita ɗaga hannu, kwalekwale na tafiya. In ka gaida mutum zai nuna maka inda kacalla ba ta toshe ba, in ka yi masa girman kai ka maƙale. Tsohon gorubar kaɗai ya bar wa tasa cikakkiya, wai shi babba ne. Malam yana laɓewa, yana ganin inda fuskar mai bugawa ta ɓaci, yana dawowa ya gyara wurin. Wata rana wani saurayi ya manta a gaban wa yake, ya ɗura wa kwalekwalen ashar. Malam ya shigo da sauri, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa, ya ce, "Hajiya, yau an zagi jirgina."

A damina ciwo ya kwantar da shi. Kafin nan ya riga ya tura wa ƙanena gem ɗin a wayarsa. Wata safiya ina ba shi kunu, sai ga kiran ƙanen nawa, 'yata ta buɗe muryar kowa ya ji.

"Mijin Yaya, na iso."

"Ka iso ina?"

"Inda ka ce Gashuwa. Babu gada, babu kasuwa, ko akuya babu. Fili ne fari fat, jirgi na ta tafiya a ciki. Na bar komar kifina a jiƙe ina fama da abin nan, yanzu ina ka kai mana garinmu?"

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kai. Da ya samu numfashi ya ce, "Ban zana ba. Wallahi ban zaci wani zai kai ba."

Bayan an kashe wayar ya ce in faɗa masa abin da mutum ke fara gani in ya shigo garinmu ta ruwa. Na faɗa masa gadar, da hayaƙin masu banda, da yara masu tsalle daga kan gaɓa. Idonsa a rufe yana gyaɗa kai, yana cewa in bi a hankali, gadar ce za ta ba shi wahala.

Bai tashi ya zana ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma a kwanakin da suka rage masa, duk wanda ya shigo dubiya, kafin ya tambayi jiki Malam zai riga shi, ya ce wani ya buga wasansa har ƙarshe, kuma mutumin ko kunyarsa ba ya ji.