Yadda Zargi Ya Sa Na Daddatse Jif Ɗin Mahaifinmu

Edita, ina roƙon ka sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Zamfara ba, ina malamin firamare a Bukkuyum, da mata ɗaya da yara biyu. Mutum ne ni mai ganin kansa wayayye. In aka kawo jita-jita a majalisa, ni nake fara yin dariya, in ce wa mutane su riƙa aiki da hankali. Asalinmu mutanen Anka ne, kuma mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da Yayana, wanda yake bakanike a Gummi. Shi ya ɗauki nauyin karatuna da kuɗin gareji, bai taɓa yi mini gori ba.

Mahaifinmu direba ne tun zamanin da motoci ba su da yawa. Da ya bar aiki ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, irin mai ja da tayoyi huɗu, mai rufin tamfol. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a zaune a bayan gidanmu na Anka, tayoyin sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kan kujerarta. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle ta, aka bar mana ni da Yaya. Shi ya ce mu tayar da ita. Muka sa tarakta ta ja ta zuwa Gummi, ya kwance ta noti bayan noti, ya wanke, ya jera a kan buhuna. Abin da ya ruɓe ya nemo madadinsa a Sakkwato da Zuru da Kwantagora, wani lokaci ya yi tafiyar yini guda saboda ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Ni nake kawo abin da ya samu daga albashina, shi kuma yake ba da ƙarfinsa da basirarsa. Damina biyu ta wuce mu a kan aikin. Ranar da injin ya tashi, muka yi mata koren fenti irin na da, muka tuƙa ta har Anka. Inna ta fito ta dafa ƙofar motar, ta sa mana albarka.

Motar nan ta ba ni jin daɗin da ban taɓa samu ba. Da damina, lokacin da manyan motoci suke kafewa a hanyar Gwashi da Nasarawa Burkullu, ni sai in ja ƙaramar libar da ke sa tayoyi huɗun su ci ƙasa, in ratsa laka da fadama ina kallon ruwa yana tsagewa. Na sha ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da mashin ma ba ya shiga. Fulanin da ke kiwo a hanya sun san ƙararta, tun daga nesa suke ɗaga sanda su gaishe ni.

Wata ranar kasuwar Gummi na kai ta gareji a duba birki, sai wani baƙo ya tsaya. Dattijo ne mai furfura, injiniya, ya zo daga Kaduna duba wani aikin gada. Ya zagaya motar, ya buɗe injin, har ya kwanta a ƙarƙashinta da fararen kayansa yana goge wata lamba da ke jikin ƙarfe. Ya ce shi mai tara tsofaffin motoci ne, yana da rumfa guda da yake ajiye su, ba don haya ko kasuwanci ba, sha'awa ce kawai. Ya yaba wa aikin Yaya ƙwarai, ya kuma yi tayin da ya fi kuɗin mota mai kyau ta zamani. Da ya tafi, Yaya ya ce shi a ganinsa mu sayar, domin kayan gyaranta sun fara ɓacewa a kasuwa, mutumin zai riƙe ta da daraja, mu kuma mu kai Inna aikin Hajji. Na ce zan yi shawara.

Kuskurena na farko shi ne kai maganar majalisa. Akwai wani mutum da ke zama da mu a Bukkuyum, dillali ne, babu wanda ya san takamaiman abin da yake dillanci. Ya ja ni gefe ya tambaye ni ko a tarihina na taɓa jin mai hankali ya sayi tsohon ƙarfe da tsadar sabo. Ya ce Turawan da suna ɓoye wani ruwa mai suna jan makuri a cikin tsofaffin injuna, ɗigonsa ɗaya ya fi gida tsada, kuma masu nemansa ba sa faɗin abin da suke nema. Ya ce in tuna, mutumin har kwanciya ya yi a ƙasa. Na yi dariya kamar yadda na saba. Sai ya ƙara da cewa ai wanda ya kwance motar gaba ɗaya ba zai rasa sanin abin da ke cikinta ba, kuma me ya sa yake gaggawar a sayar?

Wannan maganar ce ta shiga jikina kamar ƙaya. Na koma gida ina juya ta. Na tuna wani ɗan akwatin ƙarfe da Yaya ya ciro daga gefen injin tun farkon aiki, bai mayar ba. Na tuna yadda suka keɓe da baƙon suna magana ƙasa-ƙasa. Bayan mako biyu wani ya gaya mini ya ga farar motar injiniyan a ƙofar garejin Yaya, shi kuwa Yaya bai ce mini komai ba. Da na je Gummi na gan shi da sabuwar rediyo, sai na tambayi kaina inda ya samu kuɗinta. In ya yi mini fara'a, in ce yana rufe wani abu. In ya yi shiru, in ce kunya ce ta kama shi. Matata ta lura na daina cin abinci sosai, ta tambaye ni, na ce mata aikin makaranta ne.

Na ce wa Yaya zan yi amfani da motar kwana biyu, na kawo ta Bukkuyum na shigar da ita kangon bayan gidana. Dillalin ya kawo wani da ya ce gwani ne a harkar, da mai walda. Gwanin ya zo da madubi da tafarnuwa da reza, yana kanga su a jikin ƙarfe yana gyaɗa kai, ya ce lallai akwai alama. Aka fara da agogunan gaban direba, aka farfasa su. Aka sauke giyabos aka tsaga. Aka huda tankin mai. Da ba a ga komai ba ya ce to yana cikin dogayen ƙarafan da suke ɗauke da gangar motar, aka sa wutar walda aka yanka su gunduwa-gunduwa. Ina tsaye, rana tsaka, ina kallon fentin da muka shafa da hannunmu yana ƙonewa, amma kwaɗayi da zargi sun toshe mini ido. Ba mu samu komai ba sai baƙin mai da tsatsa. Gwanin ya share gumi ya ce an riga mu, wanda ya fara buɗe ta ya ɗauke. Ya kwashi lagireto da wasu kayan jan ƙarfe a matsayin ladan wahalarsa, ya tafi.

Washegari na aika wa Yaya cewa mu haɗu a Anka, akwai magana. A gaban Inna na ce ya fito da abin da ya cire daga motar mahaifinmu. Da farko bai fahimta ba. Da na yi masa bayani, sai ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce akwatin da nake magana na daidaita wutar batir ne, ya ƙone, yana nan a cikin tarkacen gareji. Ya ce injiniyan ya dawo ne neman ya je Kaduna ya duba masa wata motar, bai faɗa mini ba domin bai yanke shawara ba tukuna. Rediyo kuwa wani mai babbar mota ne ya ba shi kyauta. Na ce ban yarda ba sai ya rantse. Inna ta ce kada in kuskura, ta ce nonon da na sha shi ya sha. Na nace. Yaya ya tashi ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Inna ta juya mana baya tana kuka.

Har lokacin bai san abin da na yi wa motar ba. Ya ce tunda abin ya zama haka, a kira mai saye ya ɗauka, a raba, kowa ya huta. Bayan kwanaki suka iso Bukkuyum tare da injiniyan, ba yadda zan yi, na kai su kangon. Injiniyan ya yi salati, ya ce abin da ya ba motar daraja shi ne injinta da ƙarafanta na asali ne, lambobinsu sun dace da juna, irinta kaɗan suka rage. Ya yi mana sallama ya koma motarsa. Yaya ya durƙusa ya ɗauki sitiyarin da ke yashe a ƙasa, ya kakkaɓe masa ƙura, ya jingine shi da bango. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wanga aiki da hannunka aka yi shi?"

Abin kunyar da zan faɗa shi ne, duk da rantsuwar, zargin bai fita daga raina nan take ba. Na yi watanni ina gaya wa kaina cewa wataƙila baki ya haɗa da injiniyan. Sai da aka kama gwanin nan a Anka, ya sa wata bazawara ta farfasa keken ɗinkin da take ci da marayunta da irin wannan ƙaryar, ya kwashe ƙarafan ya sayar, sannan na gane ramin da na faɗa. Na je Gummi na durƙusa a gaban Yaya a cikin gareji, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe don Allah da kuma darajar Inna. Inna ta rasu bayan shekara biyu ba ta je Hajji ba.

Yau muna gaisawa da Yaya, muna haɗuwa a suna da jana'iza, 'ya'yanmu suna zumunci. Amma akwai wani suna da yake kirana da shi tun ina goye, wanda babu mai kirana da shi sai shi. Tun ranar rantsuwar nan ban sake jin sa a bakinsa ba. Malam yake ce mini, kamar yadda iyayen ɗalibaina suke cewa.

Ina jan kunnen 'yan'uwana masu karatu: duk wanda ya ja ka gefe ya raɗa maka magana a kan ɗan'uwanka, ka tambayi kanka me shi zai samu. In wani abu ya ɗaure maka kai, je ka tambayi mai shi ido da ido tun kafin zuciyarka ta yanke masa hukunci, domin da zarar zargi ya zauna, ko sallamar mutum sai ta zame maka shaida a kansa. Ƙarfen da na yanka, da ina da hali, da an nemo wani. Rantsuwar da na sa ɗan'uwana ya yi a gaban mahaifiyarmu kuwa, babu mai waldar da zai liƙe ta.