Kalmar da Na Jefi Kakana da Ita

Jiya 'yata ta kawo mini aikin makaranta, wai in gaya mata ma'anar "obstinate". Na ce mai taurin kai ne, wanda lallashi ba ya juya shi. Sai na tashi na bar mata ɗakin, don ni da kalmar nan akwai tsohon zance.

Ina aji shida, a ƙauyenmu na bakin dajin Birnin Gwari, malamin gona ya zo da sabon iri dab da faɗuwar damina. Kowa ya karɓa ban da kakana. Shi zangarniyar dawarsa yake ratayewa a saman murhu, hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari, wai tun zamanin ubansa ita ake shukawa. Malamin ya yi bayani har ya gaji. Ka san yaro da Turancin da bai fi cikin cokali ba. Don in burge baƙo, na nuna tsohon da baki, na jefe shi da kalmar. Malamin ya kwashe da dariya, ya hau babur ɗinsa.

Da muka rage mu biyu, kakana ya tambaye ni abin da na ce. Tsoro ya kama ni, na ce ai kirari ne, ma'anarsa gwarzon manomi. Daga ranar, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce jikansa ya naɗa shi sarauta da Turanci, ya kira ni in maimaita a gaban mutane. Nakan faɗa kaina a sunkuye. Shekara tara ina shirin gaya masa gaskiya, ina fasawa.

A ciwonsa na ƙarshe na durƙusa gabansa na fara kame-kame. Ya tare ni.

"Ɗan nan, ba na jin Turanci, amma ina jin dariyar raini. Tun ranar na sani."

Na tambaye shi me ya sa to yake sa ni maimaitawa.

"Jira nake ka gaji ka faɗa mini da bakinka. Ashe kai ma ka gado ni."

Yau gonar ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, duk mun dawo cikin gari. Masu sabon iri ba wanda ya tuna da nasa. Zangarniyar nan kuwa mahaifiyata ta fito da ita ƙulle a bakin zane, kuma duk damina tana shuka kunya biyu a bayan gida. Na yi furfura, amma har yanzu kaina a sunkuye nake wuce dawar nan.